Sunan da Inna Ruka Ba Ta Kira

Ni dai ban taɓa zaton zan yi furfura a kan babur ba. Sunana Irmiya, mutumin Auna, malamin firamare da safe, ɗan kabu-kabu da rana. Shekara goma sha tara ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi, amma a shekarar casa'in da huɗu lissafin gidana ya gagare ni. A biya albashi ranar Litinin, kafin Juma'a matata Salome ta kifa tukunya a tsakar gida ta tsaya tana kallona. Shi ya sa da an tashi daga makaranta sai in goge allin hannuna, in hau tsohon babur ɗina, in shiga rububin fasinja da samarin da ni na koya musu riƙe fensir. Wasu har su ce min "Sannu Ticha," sannan su ƙwace min fasinja a gaban idona.

Garin kuwa ya haukace. Kontagorar da na zo na tarar, in mota ta wuce sai an leƙo daga zaure a ga ta wane ce. Yanzu tirelolin hatsi, tankoki, motocin itace, masu tura baro, shanu, da mu 'yan kabu-kabu, duk a kan titi ɗaya muke kokawa. Ga wahalar mai. Layi ya taso daga gidan mai ya cinye rabin hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, har masu tuwo sun san kwanon kowa. Wani direba ya rantse min yana cikin layin nan matarsa ta haihu, aka yi suna, bai matsa taku goma ba. Ban ƙaryata shi ba.

Ranar da nake ba ku labari farkon damina ce, an yi ruwa biyu ana jiran na uku. Wajen ƙarfe ɗaya ina tsaye a bakin tasha sai ga wata tsohuwa ta sauko daga motar garin Salka, siririya, da shuɗin lulluɓi da ƙunshi a ka. Ta zo bakin titi ta sa ƙafa ɗaya, wata tanka ta danna hon, ta janye. Ta sake sawa, babur ya shafi zanenta, ta janye. Na ga in na bar ta a nan Magariba za ta same ta.

"Inna, sannu da hanya. Ina za a kai ki?"

Ta dube ni, ta dubi titin, bakinta a sake. "Ɗan nan, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna."

"To yaƙi ake yi? Ina duk mutanen nan za su?"

"Ba inda za su. Yadda kika gan su haka suke tun safe."

Ta ce ita Kontagora take nema. Na ce ai ga ta a cikinta. Ta girgiza kai ta ce ta san Kontagora sarai, ta zo shekara goma sha huɗu da suka wuce, wannan dai wani gari ne aka sauke ta.

Da na samu ta natsu, sai ta faɗa min abin da ya kawo ta. Sunanta Ruka. Jiya da yamma wani mai sayen hatsi, Mika'ilu, ya tsaya a ƙofar gidanta a Salka ya ba ta labari: ɗanta tela da ke zaune a garin nan ya sayar da kekensa na ɗinki, ya kai matarsa da yara gidan iyayenta a Bangi, yau bayan Azahar zai hau tirelar masara zuwa Legas neman aikin ƙarfi. Bai je ya yi mata sallama ba. Kunya ce ta hana shi, in ji Mika'ilu, don ba shi da abin da zai riƙa a hannu ya shiga gida.

"Ni na ce sai ya riƙo wani abu?" in ji ta. "Ubansa ya rasu bara, gona tana nan ba mai taɓa ta. Ni kuma ka gan ni dai. Wanda ya tafi Legas shekara nawa yake yi? In ya tafi ban sa masa albarka ba, a ina zai same ni in ya dawo?"

Maganar nan ta shige ni. Na ce, "Hau mu tafi. Wace unguwa yake?"

"Gidan da ke gindin rimi. Akwai rijiya a gefe, da wata mai ƙosai."

Rimin na san shi. An sare shi shekara shida da suka wuce, gidajen wurin an rushe su, gidan mai ne yanzu a wajen. Ban so in karya mata zuciya ba, sai na ce, "Ba komai. Faɗa min sunansa, teloli sun san juna."

Ta ce, "Na Kontagora."

"Na ji a Kontagora yake. Sunansa nake tambaya."

"Ai haka muke ce masa. Duk Salka in ka ce Na Kontagora, kowa ya san wanda kake nufi."

"Inna, nan kowa na Kontagora ne. Har waccan akuyar."

Ta ja lulluɓi ta rufe baki. "Ɗan fari ne. Kuma sunan uban maigidana ya ci."

Sai na dafe kai. Na san al'adar, na daɗe da zama da mutanen nan: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta. Ita ga shi an haɗa mata kunya biyu a suna ɗaya. A ƙauye wannan ba ya hana ruwa gudu, don ko da ido ta nuna an gane. Mu kam a gidanmu ba a san wannan ba. Uwata tun daga bakin rafi take ƙwala "Irmiyaaa!" har karnukan unguwa sun san ni.

"To sunan marigayi mijinki fa? Wataƙila da shi aka san shi."

"Subhanallahi! Ɗan nan, kai ba a yi maka tarbiyya ba ne?"

Haka ta hau babur, karo na farko a rayuwarta. Ta zauna a kaikaice, ƙunshinta a cinya, hannu ɗaya ya damƙi wuyan rigata har ina jin numfashina yana fita da ƙyar. Muna shiga titi ta fara salati, ba ta tsaya ba sai in za ta tambaye ni ko wancan direban yana da uwa. Ni kuma dabara ta faɗo min. Na ce zan riƙa jero sunaye, in na faɗa daidai ta matsa kafaɗata, ba sai ta buɗe baki ba. Ta yarda.

Na ɗauko rajistar ajina a ka. "Audi? Sati? Abdulƙadiri?"

Ta matsa kafaɗata da ƙarfi. Na taka birki, wani mai baro ya zage ni har kakana.

"Abdulƙadiri ne?"

"A'a, rami na gani."

Sau uku muna haka. Duk ramin da ke titin sai da ya sami suna. Na gama rajistar aji huɗu, na shiga ta aji biyar, ban dace ba.

Babur ya fara tari, dole na tsaya wajen masu bumburutu, masu sayar da mai a kwalabe a bakin hanya. Da mutumin ya faɗi kuɗin kwalba ɗaya, Inna Ruka ta sauko daga babur gaba ɗaya.

"Nawa ya ce?"

Na maimaita mata.

"Wannan 'yar kwalbar? La'ilaha illallahu! Da kuɗin nan aka saya min tunkiya da ɗanta. Zuma ce a ciki?"

"Zuma ta fi shi araha, Inna," in ji mai man. "Kuma gobe ba haka zan sayar ba."

Rabin kwalba na saya, iya ƙarfina ke nan. Ku riƙe wannan a ranku.

Na kai ta inda rimin yake da, don ta gani da idonta. Ta tsaya a tsakiyar layin motoci tana juyawa. Ta nuna famfon mai da yatsa ta ce daidai nan rijiyar take. Ta ce rijiyar nan ko baƙo ya zo sai a ba shi guga, wannan kuma ga mutane ɗari da kuɗinsu a hannu ya hana su. Ta tambayi wani direba ina mai ƙosai ta koma. Ya ce shi daga Gusau ya zo, kwanansa huɗu a nan, in ta ga mai ƙosan ta turo masa ita.

Aka kira Azahar muna kan hanyar kasuwa. Na ji hannunta ya ƙara damƙar rigata.

A layin teloli na je wajen Tanimu, tsohon tela da ke ɗinka wa ɗalibanmu kayan makaranta. Na same shi ya ɗora ƙafa a kan kekensa yana korar ƙuda.

"Tela ɗan Salka da ya sayar da keke?" Ya yi dariyar da ba daɗi. "Ticha, daga Sallah zuwa yau teloli bakwai suka sayar da keke a layin nan. Gwanjo ya kashe mu. Mutum ya je ya ɗauki wandon da wani ya gama yayinsa a ƙasar waje, ya zo ya ce in rage masa tsawo, kuma yana neman ragi. Kuɗin haya kuwa, ɗakin da kaza ba za ta juya a ciki ba, mai gida ya ninka shi sau biyu a shekara ɗaya. Wa ke da sukunin tambayar wani garinsu?"

Na ce ya jero min bakwai ɗin. Ya fara: Dogo, Mai Almakashi, Ɗan Nufawa, Gobe-da-Safe. Duk laƙabin kasuwa, ba suna ko ɗaya. Gari ya san shi da sunan da uwarsa ba ta sani ba, uwarsa ta san shi da sunan da ba za ta faɗa ba, ni kuma ina tsakiya da rabin kwalbar mai.

Tanimu ya juya wajenta. "Iya, yaya kamanninsa? Dogo ne ko gajere? Fari ko baƙi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ai ni ban cika kallonsa ba."

Wallahi da ba tsohuwa ba ce da na ajiye ta a nan na tafi. Raina ya ɓaci, na ce, "Inna, ba kya kiran sunansa, ba kya kallonsa, to ta ina za mu kamo shi? Kalma ɗaya ce fa! Ki raɗa wa Tanimu a kunne, ni zan toshe nawa."

Ba ta yi fushi ba. A hankali ta ce, "Shekara talatin da shida ban faɗa ba, ɗan nan. Ba ƙi ba ne. Uwata haka ta yi, kakata haka ta yi. Abin da ka fi so shi kake ɓoyewa."

Na ji kunya ta kama ni. Tanimu ya ce mu bar ɓata lokaci, tirelolin masara a bayan kasuwar hatsi suke lodi.

Muka kutsa ta cikin kasuwa. Duk da halin da take ciki, da muka wuce masu awo sai da ta ji ana faɗin kuɗin mudun dawa, ta ja ni na tsaya.

"Dawar nan ta gonakinmu ce fa! Na san ƙwayarta. Mu da muka noma ko rabin rabin haka ba a ba mu ba. Me ta ci a hanya?"

"Mai ta sha, Inna."

"To ku me kuke ci a garin nan?"

"Haƙuri, da ɗan gishiri in an samu."

A wajen lodi muka tarar da fili wayam, sai ɓawon masara da tattabaru. Wani ɗan kamasho yana wanke ƙafa da buta. Ya ce tirela ɗaya ce ta yi lodin Legas yau, kuma ta tashi rabin awa da ta wuce, mutum wajen talatin a samanta. Akwai tela a cikinsu? Ya ce ƙwarai, wani mai shiru-shiru, shi ya ɗinke musu buhunan da suka fashe a maimakon kuɗin mota. Sunansa? Tela suke ce masa.

Inna Ruka ta zauna a ƙasa, a kan ɓawon masara. Ba ta yi kuka ba. Ta dai rungume ƙunshinta ta ce, "Shi ke nan. Na makara."

Ni ma na ɗauka shi ke nan. Sai na tuna a wane gari nake. Rabin awa a Kontagora? Tirela mai kaya? Ta hanyar Legas, inda akwai gidan mai har biyu suna kallon juna?

"Tashi, Inna! Ko ƙofar gari ɗanki bai kai ba."

Tun da na fara kabu-kabu kullum sai na tsine wa cunkoson garin nan. Ranar nan na yi masa addu'a. Na ce Ubangiji Ka sa wata tanka ta lalace a tsakiyar titi, Ka sa shanu su kwanta. Na bi ta tsakanin motoci, na bi ta gefen kwata, na ratsa ta ƙarƙashin rumfar wani mai shayi yana ɗaga min ludayi. Inna ta daina salati, ta koma cewa, "Yi sauri, ɗan nan."

Muka hango motar dab da ƙarshen layin mai, inda hanya ke buɗewa. Doguwar tirela, buhuna jibge, mutane zaune a sama sun ba mu baya. Motoci uku ne kawai a gabanta, daga nan sai titi fetal har kudu. Saura kamar taku sittin mu isa, babur ɗina ya yi tari sau biyu ya mutu. Rabin kwalba ta ƙare.

Muka sauka. Kafin in ce komai ta ɗaga hannu.

"Ga shi can. Na gaba, kusa da kan mota. Mai ƙeya irin ta ubansa."

Wannan fa ita ce matar da ta ce ba ta cika kallonsa ba. Cikin mutum talatin, daga baya, daga nesa. Ya haɗa kai da gwiwa, ko motsi ba ya yi.

Motar farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Tirelar ta yi gurnani ta saki baƙin hayaƙi. Na yar da babur na ruga ina ihu. "Tela! Tela!" Duk motocin da ke bayanta suka danna hon a lokaci ɗaya, muryata ta ɓace. "Na Kontagora!" Mutum biyar na baya suka waiwayo suna dariya, ɗaya ya ɗaga min hannu. Shi bai ɗago ba. Tayoyin suka fara juyawa.

Sai na ji Inna daga bayana.

"Jinaidu!"

Siririyar murya ce, amma ta ratsa hon da inji da komai. Na juya. Ta saki lulluɓin, ta sa hannu biyu a gefen baki.

"Jinaidu!"

Mutumin ya ɗago kai kamar an mare shi. Ya miƙe tsaye a kan buhuna yana dube-dube, ya gan ta. Ya shiga dukan rufin mota da tafin hannu. Direba bai tsaya ba, ya dai rage gudu. Ya sulalo ta jikin igiya ya diro, ya faɗi, ya tashi. Wani ya jefo masa jakarsa daga sama. Tirelar ta kama hanya.

Ya zo da gudu yana ɗingishi, ya zube a gabanta a kan kwalta, motoci suna kewaye shi suna zagi. Fuskarsa duk tsoro.

"Inna! Wa ya rasu?"

Ita kuwa ta riga ta juya masa baya, ta ja lulluɓi har hanci. Ni ta kalla.

"Ɗan nan, faɗa masa ba wanda ya rasu."

Na faɗa masa, ko da yake yana ji.

"Faɗa masa an yi ruwa biyu." Ta kwance ƙunshin. Zangarniyar dawa ce a ciki, irin shuka, an ɗaure ta da tsumma, da 'yar daddawa a ganye. "Wannan irin ubansa ne. In tafiya zai yi, ya tafi, na yafe masa, Allah Ya yi masa albarka, ba ya bukatar kawo min komai. In zama zai yi, ga iri."

Jinaidu ya daɗe yana kallon zangarniyar. Ƙato da shi, da gemu, hawaye yana bin gemun. Ya dube ni, ni da bai taɓa gani ba, ya ce, "Malam, shekarata talatin da shida. Ban taɓa jin sa a bakinta ba. Da na ji, na ɗauka mutuwa ce ta zo."

Ya ɗaure ƙunshin da kansa, ya ɗora a ka, ya rataya jakarsa.

Muka koma tasha a ƙafa, ni ina tura babur, shi yana gaba yana tare mata motoci da hannu, ita tana baya ba ta kallonsa. Kuɗin mota zuwa Salka ya ƙaru tsakanin safe da La'asar, ta ce wa ɗan kamasho ya ji tsoron Allah, ya ce yana ji, mai ne ba ya ji. Na ƙi karɓar komai a hannunta, ta tura min daddawar a aljihu da ƙarfi.

Jinaidu ya shiga ya zauna da ƙunshin irin. Ita kuwa har ta sa ƙafa a mota ta dawo, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, abin da ka ji ɗazu..."

"Ban ji komai ba, Inna. Hon ya yi yawa."

Ta gyaɗa kai ta shiga.

Na tura babur ɗina har gida, tafiyar awa guda, hadari yana haɗuwa ta gabas. Uwata ta rasu shekara tara ke nan. Da can in ta ƙwala min kira daga bakin rafi a gaban abokaina, haushi nake ji, har nakan yi kamar ban ji ba. Duk tsawon hanyar nan, cikin hon da hayaniyar Kontagora, kunnena yana baya ina saurare.